Ɗan Aike Tsakanin Manhaja Da Rumbun Bayanai: Gano Kuskurensa Da Dalilin Nawarsa

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin kwamfuta, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga cikin sana'ata, ya kuma ja mini kunne kada in cika zauren nan da Turanci har dattawa su fara gyangyaɗi. To, zan yi iyakar ƙoƙarina. Abin da na zaɓa kuwa ya shafi aljihun wannan ƙungiya kai tsaye. A yau makarantu da dama sun kwashe rajistar ɗalibai da makin jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta sun zuba cikin kwamfuta, kuma sau da yawa ƙungiyoyi irin tamu ake turo wa takardar neman gudummawa. Ranar da aka ce sakamako ya fito, iyaye suka yi ca a kan manhajar, sai ta tsaya cik, ko ta shiga tafiyar hawainiya. Washegari ɗan kwangila ya zo ya ce na'urar ta yi kaɗan, a sayo babba. Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Amma a galibin abin da na gani a wurin aiki, cutar tana cikin yadda manhajar ke magana da rumbun bayanai, kuma awo na rabin yini kan fito da ita fili ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai a nemi dalilin a inda yake.

SU WA KE CIKIN AIKIN

Mu ɗauki misali da abin da kowa a nan ya sani, wato kicin da sito na makarantar kwana. Kuku yana buƙatar shinkafa, ma'ajin sito yana riƙe da makulli da littafi, sai kuma ɗan aike mai kai takarda ya dawo da kaya. Manhajar da malami ke buɗewa ya shigar da maki ita ce kicin. Rumbun bayanai shi ne sito. Ɗan aiken kuwa wani tarin umarni ne da masana suka riga suka rubuta, wanda mai rubuta manhaja ke ɗauka ya yi aiki da shi. A bakin ma'aikata sunansa laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki.

Tsarin ajiye bayanai cikin jadawali-jadawali masu dangantaka da juna ya samo asali daga wata takarda da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi kuma ana kiransa SQL. Rumbun da zan riƙa ba da misali da shi sunansa PostgreSQL. An fara gina tushensa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka cikin 1986, ƙarƙashin Farfesa Michael Stonebraker, ya kuma ɗauki wannan suna a 1996. Ɗan aiken da zan ɗauka shi ne SQLAlchemy na harshen Python, wanda Michael Bayer ya fitar a 2006, bugunsa na 2.0 kuma ya fito a watan Janairun 2023. Duka biyun kyauta ne. Wanda ke aiki da harshen Java da Hibernate, ko PHP da MySQL, zai ga cewa sunaye ne suka bambanta, cututtukan kuwa ɗaya ne.

A FARA DA KARANTA SAƘON

Idan aiki ya ɓaci, rumbu ba ya yin shiru. Yakan turo saƙo tare da wata lamba mai gurabe 5, kuma biyun farko su ke faɗin dangin matsalar. Wadda ta fara da 08 ta shafi layin sadarwa. Mai farawa da 23 tana nufin an keta wata ƙa'ida ta jadawali, 28 izinin shiga ne, 40 an warware aikin da aka fara, 42 kuskure ne a rubutun tambayar ko an kira sunan da babu shi, 53 kuma kayan aiki ne suka ƙare wa rumbun. Alal misali 28P01 kalmar sirri ce ba daidai ba, 42P01 kuwa an nemi jadawalin da bai wanzu ba, abin da kan faru idan an kai sabuwar manhaja wurin aiki aka manta da sabunta tsarin rumbun. Python yakan jero dogon bayani na hanyar da kuskuren ya biyo, sai a gangara ƙasa a fara karatu daga can, domin a ƙarshe ainihin saƙon yake.

Idan kuwa ɗan aike bai ma isa sito ba, babu lambar da rumbu zai bayar, tunda bai ji sallama ba. A nan sai a dubi yadda aka dawo da shi. In nan take aka ce an ƙi karɓa, to na'urar tana nan amma babu mai saurare a ƙofa mai lamba 5432, wadda ita ce ƙofar PostgreSQL ta al'ada, wataƙila rumbun bai tashi ba bayan ɗaukewar wuta. In kuma an yi ta jira shiru har lokaci ya ƙare, sai a zargi adireshi ko katangar tsaro da ke tsakani. Haka nan sabon PostgreSQL da aka kafa ba ya sauraron kowa sai wanda ke kan na'ura ɗaya da shi, har sai an buɗe masa da gangan.

Akwai wata lamba mai ruɗa sababbin ma'aikata, ita ce 25P02. Rumbu yana ɗaure ayyuka masu alaƙa cikin ƙulli ɗaya, ko dai a yi su duka a buga hatimi, ko a warware su duka kamar ba a fara ba. Da zarar umarni ɗaya a cikin ƙulli ya faɗi, PostgreSQL zai ƙi duk wanda ya biyo baya da wannan lamba har sai an warware ƙullin. Saboda haka mutum zai buɗe kundin aukuwa ya tarar da 25P02 sau 200 a jere, ya ɓata yini yana binsu, alhali mai laifin shi ne saƙo guda ɗaya da ya gabace su. A hau sama a nemi na farko. Kuma ina roƙon ƙannenmu masu koyo, kada ku rubuta manhajar da ke haɗiye kuskure ta yi gum don fuskar kwamfuta ta yi kyau. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ranar da ya kwanta likita ba zai san inda zai fara ba.

GUGAN ARO

Buɗe layi zuwa rumbu aiki ne mai tsada, don kuwa sai an tantance mai shigowa, kuma PostgreSQL yakan ware wa kowane layi ma'aikaci nasa na daban a cikin na'ura. Shi ya sa ɗan aike ke buɗe 'yan layuka ya ajiye, kamar gugan da ake ratayewa a bakin rijiya, mai buƙata ya ara ya ja ruwa ya mayar. Idan ba a canza komai ba, SQLAlchemy yana ajiye layi 5, yana iya ƙara 10 na wucin gadi in an matsu, jimla 15. Mutum na 16 zai jira sakan 30, in ba a dawo da ko ɗaya ba sai a jefo masa saƙon da ya fara da kalmar QueuePool, mai cewa iyaka ta cika kuma lokaci ya ƙare.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a ƙara yawan layukan. To amma idan wani sashe na manhajar yana aron guga ba ya mayarwa, ko an rataye 100 za su ƙare, jinkiri kawai aka saya. Alamar wannan cuta ita ce manhaja ta yi lafiya lau bayan an kashe an kunna, sai bayan wasu awoyi ta sake shaƙewa. Ana tabbatar da zargin ta duba wani jadawali na cikin gida mai suna pg_stat_activity, inda PostgreSQL ke nuna kowane layi da abin da yake yi. In aka ga layuka da yawa sun buɗe ƙulli sun zauna ba aiki, kuma tambayar ƙarshe da suka yi iri ɗaya ce, to an kama ɓarawon, sai a koma wurin da aka rubuta wannan tambaya. Maganin shi ne a riƙa aron layi cikin tsarin da Python ke kira with, mai mayar da shi da kansa ko aiki ya yi kyau ko ya ɓaci. Wata ɗabi'ar mai kama da wannan ita ce a riƙe layi ana jiran wani abu na waje, kamar tura saƙon waya ga iyaye ko jiran amsar banki. A gama da rumbu a mayar da guga tukuna, sannan a tafi aiken waje.

Ƙarin layuka yana da nasa haɗarin, kuma lissafi ne na aji ɗaya. Manhaja mai hidimar jama'a takan rabu gida-gida don ta karɓi mutane da yawa a lokaci guda, kuma kowane gida da nasa gugan. A ce gida 8 ne, kowanne da layi 15, ya zama 120. PostgreSQL kuwa a tsarinsa na asali layi 100 yake karɓa, 3 daga ciki ma an keɓe wa mai kula da shi. Ranar cunkoso sai ga lamba 53300, wato baƙi sun yi yawa. Ko dai a rage rabon kowane gida, ko a sa wani mai shiga tsakani kamar PgBouncer wanda ke raba 'yan layuka kaɗan ga masu nema da yawa.

Sai kuma ciwon safiya, inda mutum na farko da ya buɗe manhaja da sassafe ke cin karo da kuskure, na bayansa kuwa su wuce lafiya. Masu MySQL sun fi saninsa, da lamba 2006. Dalili kuwa shi ne MySQL yana yanke duk layin da ya yi sakan 28,800 ba a taɓa shi ba, wato awa 8, ɗan aike kuma bai sani ba, ya miƙa wa mutum guga mai tsinkakkiyar igiya. Haka yake faruwa da PostgreSQL idan an sake kunna shi. Akwai saiti biyu na magani: pool_recycle mai sauya layi idan ya kai wani adadin lokaci, da pool_pre_ping mai ɗan gwada layi kafin a ba da aronsa.

YAWAN ZIRGA-ZIRGA

Yanzu mu zo ga nawa, wadda ta fi kuskure wuyar kamawa tunda ba ta turo saƙo. A nan zan ɗan daɗe, domin ita ce ta fi cin kuɗin jama'a.

Daɗin SQLAlchemy shi ne yana ɓoye wa mai rubutu wahalar SQL. Ka ce a ba ka ɗalibi, sannan ka ce a ba ka makinsa, sai ka ga maki ya zo kamar dama yana hannu. Abin da ba ka gani ba shi ne, a tsarin asali, ɗan aike ba ya ɗauko maki sai lokacin da aka tambaya, kuma kowace tambaya tafiya ce guda zuwa sito. A ce makaranta tana da ɗalibai 1,200 kuma ana son fitar da takardar sakamakon kowa. Tafiya 1 ta ɗauko sunaye, sannan tafiya 1,200 ta ɗauko makin kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, jimla 1,201. Wannan shi ne kukun da ke aika yaro sito ya karɓo albasa guda, ya dawo a sake aikensa ya karɓo ta biyu. Ma'aikata suna kiran wannan cuta N+1.

Me ya sa ba a ganinta tun wurin gwaji? Saboda mai rubutu ya gwada da ɗalibai 20 na ƙarya, kuma rumbun yana kan kwamfutarsa. A ce kowace tafiya tana cin kashi 1 cikin 1,000 na sakan idan manhaja da rumbu suna ɗaki ɗaya, tafiya 1,201 ba ta fi sakan 1 da 'yan kai ba. Amma a ce rumbun haya aka yi a wata ƙasa mai nisa, kowace tafiya tana cin kashi 1 cikin 10 na sakan, aikin nan ya koma sakan 120, minti 2 cur, kuma duk tsawon lokacin guga ɗaya yana hannu. Malamai 15 su nemi irin wannan takarda a tare, gugan ya ƙare, na 16 ya ga saƙon QueuePool. Kun ga yadda cuta ɗaya ke sanya rigar wata. Sabuwar na'ura ba za ta rage nisan hanya ba.

Gano ta abu ne mai sauƙi. Akwai saiti mai suna echo, in an kunna shi ɗan aike zai riƙa bayyana kowace tambaya da ya kai. A buɗe takarda ɗaya a ƙirga. In aka ga tambaya iri ɗaya tana maimaituwa, lambar ɗalibi kawai ke canzawa, magana ta ƙare. Gyaran bai fi layin rubutu ɗaya ba. Umarnin selectinload yana sa a karɓo makin ɗalibai 500 a tafiya guda, sai 1,201 ta koma 4. Umarnin joinedload yana haɗo komai a tafiya 1, sai dai yana maimaita bayanin ɗalibi a gaban kowane darasi, in darussa 9 ne sahu 10,800 ke nan za su biyo waya. Wanne ya fi, awo ne zai faɗa.

Haka abin yake wajen zubawa. Mai shigar da maki 10,800 yana buga hatimi bayan kowane ɗaya ya tilasta wa rumbu ya jira faifan ajiya sau 10,800. A tara su a ƙulli ɗaya ko 'yan kaɗan, in kuma suna da yawa ƙwarai a yi amfani da umarnin COPY na PostgreSQL, wanda don haka aka yi shi.

FIHIRISA

Wani lokaci tafiyar ɗaya ce amma ma'ajin sito ne ke daɗewa yana lalube. Wanda ya taɓa neman kalma a littafin da ba shi da fihirisa ya san dole ya bi shafi-shafi. Rumbu ma haka ne. PostgreSQL yana yi wa lambar shaida ta kowane jadawali fihirisa da kansa, haka ma gurbin da aka ce kada a maimaita abin cikinsa. Amma gurbin da ke nuni zuwa wani jadawali, kamar lambar ɗalibi a cikin jadawalin maki, ba ya yi masa, sai an umarce shi. Wanda ya saba da MySQL, mai yin wannan da kansa, nan yake zamewa.

Mu ci gaba da lissafinmu. Maki 10,800 a kowane zango, zango 3 a shekara, shekara 10, ya ba da sahu 324,000. In babu fihirisa, neman makin ɗalibi guda sai an bi sahun nan duka. A haɗa da tafiya 1,200 ta ɗazu, an duba sahu kusan miliyan 389 don fitar da sakamakon zango ɗaya. Shi ya sa za ku ji ana cewa manhajar da lafiyarta a shekarar farko, tsufa ne ya kama ta. Rumbun ne ya cika, fihirisa kuma babu.

Ana tambayar rumbu yadda yake nema ta sa kalmomin EXPLAIN ANALYZE a gaban tambaya. Zai nuna ko fihirisa ya bi ko kuwa sahu-sahu, da lokacin da kowane mataki ya ci. Sai dai a yi hattara, wannan umarni yana aikata tambayar da gaske, in ta gogewa ce zai goge, don haka a sa ta cikin ƙulli a warware daga baya. Kuma kada a ce tunda fihirisa magani ce a yi wa kowane gurbi. Kowace fihirisa tana cin wuri, tana kuma ƙara wa rubutu nauyi. Ƙaramin jadawali mai sahu 30 bin sa duka ya fi sauri, rumbun ma ya san haka. Domin sanin tambayar da ta cancanci kulawa akwai pg_stat_statements, mai tara jimlar lokacin da kowace irin tambaya ta ci. A duba jimla, don tambaya mai cin kashi 5 cikin 1,000 na sakan da ake yi sau 100,000 a yini ta ci sakan 500, ta fi mai sakan 20 da ake yi sau ɗaya ɓarna nesa ba kusa ba.

CIRKO-CIRKO

Idan akawu yana gyara asusun ɗalibi, rumbu yana sa wa sahun kwaɗo har a buga hatimi. A ce akawu na farko ya kulle asusun Audu yana neman na Bala, na biyu kuma ya kulle na Bala yana neman na Audu, sai su yi cirko-cirko, ba mai gaba ba mai baya. PostgreSQL yakan jira sakan 1, in ya gano haka ne sai ya warware aikin ɗaya da lamba 40P01 don ɗayan ya wuce. Rigakafin shi ne kowane sashe na manhaja ya riƙa kulle sahu bisa jeri ɗaya, misali daga ƙaramar lamba zuwa babba, kuma wanda aka warware ya sake gwadawa da kansa. Lamba 23505 kuwa tana cewa an yi ƙoƙarin maimaita abin da aka hana maimaitawa, kamar ba ɗalibai biyu lambar shiga ɗaya. Wannan ƙa'ida gata take yi mana, kada wani ya cire ta don saƙon ya daina damunsa.

SUNAYENMU DA HARUFFANMU

Akwai matsaloli biyu da suka fi cin mu, mu masu rubuta Hausa. A harshen SQL ana kewaye rubutu da alamar nan da muke sa wa Sa'adu da Shu'aibu da Asma'u. Mai rubuta manhaja da ya manna suna kai tsaye cikin jimlar tambaya, ranar da Sa'adu ya zo rajista rumbu zai ɗauka rubutun ya ƙare a Sa, ya turo 42601. Na ga inda aka yi maganin wannan da hana alamar, yaro ya fita da takardar shaida mai ɗauke da Saadu, daga baya yana yawon rantsuwa a kotu don sunaye su dace. Kuma ramin da Sa'adu ya faɗa bisa tsautsayi, ta nan ɓarawo ke shiga da gangan, ya rubuta umarni a gurbin suna rumbu ya bi. Ta irin wannan kafa aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya cikin Oktoban 2015, aka kai ga bayanan mutum 156,959, hukumar kare bayanai ta ƙasar kuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 a 2016. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin yana hannun ɗan aike tun asali: a bar gurbi a jimlar tambaya, a miƙa masa sunan daban, shi ya san yadda zai kai shi lafiya.

Ta biyu ita ce haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar. Tsohon tsarin haruffa mai suna latin1 ba shi da su. Rumbun da aka kafa a kansa ko dai ya ƙi karɓar Ɗanladi, ko ya mayar da shi ?anladi, kuma in alamar tambaya ta riga ta zauna, harafin ya tafi ke nan. Dole rumbun, da layin da ɗan aike ke buɗewa, da fayil ɗin da aka kwaso sunaye daga ciki, duk su kasance kan tsarin UTF-8. A MySQL sunan da za a nema shi ne utf8mb4, wanda ya zama na asali tun bugu na 8.0 a 2018. Bugu da ƙari, alamar Sa'adu tana da miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, a ido kusan ɗaya, a wurin kwamfuta haruffa biyu daban. In ba a daidaita su wajen shigarwa ba, za a nemi ɗalibi a ce babu shi alhali yana zaune a aji.

A gurguje, kuɗi ma yana da tarko. A tambayi Python jimlar 0.1 da 0.2, zai ce 0.30000000000000004. Don haka a ajiye kuɗin makaranta a gurbi irin Numeric, ko a ƙirga shi da kwabo, in ba haka ba lissafin ma'aji ba zai taɓa rufuwa daidai ba.

LADABIN GYARA

Duk abin da na faɗa yana da ladabi guda. A rubuta saƙon yadda ya zo da lokacin da ya zo. A tambaya me ya canza tun ranar da abin ke lafiya. A sake haifar da matsalar a kan kwafin rumbu mai yawan bayanai irin na gaske. A auna, a canza abu ɗaya tak, a sake aunawa. Wanda ya canza abu 5 a tare, ko ya warke bai san maganin da ya yi masa aiki ba.

Dalilin cewa a kan kwafi kuwa, ga abin da ya sami kamfanin GitLab, wanda ƙwararru ne a wannan fage. A daren 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu yana fama da rumbunsu na biyu da ya kasa bin na farko, sai ya ba da umarnin gogewa a kan na farkon, ya ɗauka a na biyun yake. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar wanda ake dogaro da shi ya daɗe ba ya aiki ba wanda ya lura. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan shi ya cece su, aikin jama'a na waɗannan awoyi kuma ya salwanta. Kamfanin da kansa ya bayyana wa duniya yadda abin ya faru. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, a ɗauka babu shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, shawarata ga kwamitin ayyuka ita ce, duk ranar da aka kawo takardar neman kuɗin sabuwar na'ura saboda manhaja tana nawa, a nemi mai kawowa ya haɗo da amsoshin nan a rubuce. Wane saƙon kuskure ne ya fara fitowa, da lambarsa? Tambaya nawa ake kai wa rumbu kafin takardar sakamako ɗaya ta fito? Waɗanne tambayoyi 10 ne suka fi cin lokaci a jimla, kuma me EXPLAIN ya ce a kansu? Layi nawa ke buɗe a lokacin cunkoso? Yaushe aka gwada mayar da kwafin ajiya na ƙarshe? Ma'aikacin kirki zai kawo su cikin kwana ɗaya ko biyu, zai ma ji daɗin an tambaye shi. In amsoshin suka nuna lallai na'ura ce ta gaza, sai mu saya da zuciya ɗaya. In kuwa ba haka ba, kuɗin ya tafi ga rufin ɗakin kwana ko littattafai. Akwai 'yan wannan sana'a da dama a cikinmu, ina kira gare su da su ba sakatare sunayensu don a riƙa turo musu irin waɗannan takardu su duba.

Ku kuma ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe, kun ga duk lissafin da na yi a nan bai wuce tarawa da ninkawa ba. PostgreSQL da Python da SQLAlchemy kyauta ake samunsu, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Ku ƙirƙiri jadawalin ɗalibai na gwaji, ku cika shi da sahu 300,000, ku auna nema da fihirisa da kuma babu ita, ku ga bambancin da idonku. Ku koyi SQL kansa kafin ku dogara ga ɗan aike, domin wanda bai san hanyar sito ba ba zai gane yaushe yaron aike ya tsaya wasa ba.